Fagge: Unguwar Da Ba Ta Taɓa Yin Ganuwa Ba

A ƙarshen daminar bara Baffanmu ya tara mu a zauren gidanmu na gado da ke Fagge, ya shaida mana cewa wani attajiri ya aiko yana son gidan. Nufinsa ya rushe shi ya tayar da bene, ƙasa shaguna, sama ɗakunan ajiyar kaya. Kuɗin da ya taya, in an raba, kowane magaji zai iya mallakar fuloti a bayan gari har ya ɗora harsashi. Mu goma sha ɗaya ne masu haƙƙi, takwas suka ce a sallama. Hujjarsu guda ce, watau unguwa ta lalace, ba a barci da daɗi, yaro ba ya fita bayan isha'i da waya a hannu, ruwan sama kuma in ya zuba sai ya shigo har tsakar gida. Da aka zo kaina sai na ce, "Baffa, a yi mini haƙuri zuwa bayan salla." Wannan jinkiri da na roƙa shi ya haifi wannan 'yar maƙala, domin tun daga ranar wata tambaya ta tsaya mini a rai: wai shin me ya tsare Fagge a da, wanda yanzu babu shi?

Wanda ya tashi a cikin Birni zai yi saurin cewa ganuwa ce ta tsare mutanen da. Gaskiyarsa, amma ta Birni. Lokacin da Kyaftin Clapperton ya zo Kano a cikin shekara ta 1824, ya ƙirga ƙofofi goma sha biyar, ya kuma rubuta cewa ana buɗe su da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta. To, Fagge tana bayan waɗannan ƙofofi ne, gabas da Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai. In Sarkin Ƙofa ya ja ƙyaure da magariba, mu ya rufe a waje. Masu ba da labari suna cewa sunan ma daga "fage" ya samo asali, watau fili sarari inda ayarin Azbinawa da Buzaye suke sauke raƙuma, su kwance gishirin Bilma da kanwa da dabino, su jira a saya musu hatsi da turkuɗi da ƙirgi. Dubi abin da aka tara a wuri guda: baƙi, da dukiya mai yawa, da fili marar shinge. In da katanga ce kaɗai ke tsare mutane, ai da Fagge ba ta yi shekara goma a duniya ba.

Abin da ya riƙe ta, a iyakar fahimtata, shi ne fatoma. Kakanmu, Allah Ya ji ƙansa, fatoma ne, kuma na riski ƙarshen sana'ar da idona, saboda haka bari in ɗan tsaya a nan. Falke ba ya sauka a gari haka kawai. Yana da mai masauki wanda ubansa ma a wurinsa yake sauka. Fatoma zai ba shi ɗaki, ya aika masa da tuwo, ya adana masa kaya a cikin soro, ya haɗa shi da dillali, in an yi ciniki ya karɓi la'adarsa. Amma nauyin da ya fi duk waɗannan shi ne lamuni. In baƙo ya ci bashi ya gudu, fatoma za a kama. In aka yi wa baƙo sata, mutuncin fatoma ne ya zube, baɗi kuma ayari zai sauka a gidan wani. In baƙo ya yi ɓarna a unguwa, mai unguwa ba ya neman baƙon, mai masaukinsa yake aika wa. Saboda haka duk wanda ya kwana a Fagge, ko daga Agadas ya fito ko daga Kukawa, akwai wani magidanci sananne wanda ya ɗauki alhakinsa. Tambayar farko da ake yi wa sabuwar fuska ita ce, "Baƙon wa?" In ya kasa amsawa, to, kafin la'asar labarinsa ya isa inda ya kamata.

Ginin gidajen ma a kan wannan aka tsara shi. Kowane gida yana da zaure wanda ke kallon hanya, kuma da wuya ka ga zaure ba kowa. Da hantsi maigida da dillalai, da azahar maɗinki ko mai sassabe fata, da yamma dattawa a kan dakali, da dare kuma almajirai sun kewaye wuta suna karatu har barci ya kwashe su a nan. Ɓarawon da zai ratsa layinmu sai ya wuce zaure goma sha huɗu, kowanne da idanu a ciki. Na ƙirga su ne da ka, gida gida, kamar yadda na san su ina yaro.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ba su taɓa wannan tsari ba, sai ma suka jingina a kansa. Abin da ya sake fuskar wurin shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, raƙumi ya fara ja da baya, kamfanoni suka kafa kantuna kusa da tasha. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka biyo dogo daga Kudu. Kwarori, watau mutanen Sham da Labanan, aka zaunar da su a Fagge ta Kudu, gida a baya kanti a gaba, nan ne asalin Kantin Kwari. Sai Fagge ta sami kanta a tsakiya, Birni a yamma, Sabon Gari da unguwar kamfanoni a ɗaya gefen. Duk Musulmin Arewa da ya zo neman kuɗi, wanda ba shi da dangi a Birni, kuma ba ya son zaman Sabon Gari, a Fagge yake yada zango: Barebari, Nufawa, Katsinawa, Sakkwatawa, Damagarawa, Shuwa. Mutanen Birni suna yi mana kallon 'yan bariki, mutanen Sabon Gari suna yi mana kallon 'yan Birni, mu kuwa muna cin kasuwar kowa.

A zamanin En'e akwai tsani wanda ba ya yankewa, daga maigida zuwa mai unguwa, daga mai unguwa zuwa Wakilin Waje, daga nan zuwa fadar Sarki. Ƙarfin mai unguwa kuwa ba a rawaninsa yake ba, a littafin haraji yake. Kowace shekara sai an bi gida gida an rubuta duk namijin da ya isa biya, da sana'arsa. Wanda ya zo bana an san ya zo, wanda ya tashi an san ya tashi. Ga ɗan doka, ga dogari, ga kuma duba-gari wanda ke shiga har bayan ɗaki ya leƙa randa, in ya ga 'ya'yan sauro ko kwata ta toshe a ci maigida tara. Kakarmu har ta rasu, in ta ga shara a ƙofar gida, cewa take, "Ku kwashe kafin duba-gari ya zo," alhali kuwa rabon unguwar da ganinsa an yi shekara da shekaru. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a 1931, aka buɗe aikin ruwan famfo da wutar lantarki na Kano, wanda aka yi da kuɗin baitulmalin En'e, watau harajin nan dai na talakawa.

Kada mai karatu ya zaci ina yi wa En'e kirari. Idon da ya san ɓarawo shi ne ya san ɗan adawa. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU a watan Agusta na 1950, Fagge ta zama ɗaya daga cikin gidajenta, domin baƙo da ɗan kasuwa ba su cika jin tsoron fada kamar wanda gidansa ke jikin gidan hakimi ba. Mutane da yawa sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai a kan laifin da bai wuce halartar lacca ko rera waƙar jam'iyya ba, kuma sau da yawa mai unguwa ne ya kai sunansu. Wani ƙanen kakanmu ya yi wata uku a gidan yari a kan irin wannan, har ya mutu ba ya gaisawa da gidan mai unguwar lokacin. A wannan zamani ne kuma jam'iyyu suka fara ɗibar samari majiya ƙarfi, daga cikin 'yan farauta da 'yan tauri, suna mai da su 'yan banga. Irin da aka shuka ke nan wanda daga baya ya tsiro da sunan daba.

Zama a tsakiya kuma yana da tsadarsa. A 1953, bayan rigimar da aka yi a majalisa a Ikko a kan ƙudurin neman mulkin kai a 1956, inda aka yi wa wakilan Arewa ihu a titi, sai jam'iyyar AG ta shirya rangadi zuwa Kano a ƙarƙashin Cif Akintola. Daga 16 ga watan Mayu aka yi kwana huɗu ana faɗa, mafi yawansa a kan iyakar Fagge da Sabon Gari. Lissafin hukuma ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Abin da ya faru a 1966 ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, ya kuma kwashe dubban mutanen Gabas daga Kano. Tsarin fatoma da mai unguwa ya iya ɓarawo da mazambaci, amma bai taɓa iya taron jama'a da ya fusata ba. Iyakar abin da ya yi shi ne, a gidaje da dama, har da namu, an ɓoye abokan ciniki a cikin soron ajiyar kaya har ƙura ta lafa, domin a wurin tsofaffin nan wanda ya shiga zaurenka ya zama amanarka.

Sa'an nan sai tsanin ya fara ɓallewa, mataki bayan mataki, cikin shekara goma sha biyu kacal. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, Audu Bako ya zama Gwamna. Ba a daɗe ba gwamnati ta karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, aka kuma narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, waɗanda umurninsu daga Ikko yake zuwa, kuma ana iya kawo mutum daga ko'ina, ba ya jin Hausa balle ya san lungu. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mai da sarakuna masu ba da shawara. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Na tuna murnar da aka yi, kuma har gobe ina ganin daidai ya yi, domin harajin nan ya raba talakawa da yawa da akuyarsu da gonarsu. Amma da harajin ya tafi, littafin ma ya tafi, ba a kuwa kawo wani abu a madadinsa ba. Mai unguwa ya rage da rawani da sa hannu a takardar cinikin gida.

Abin takaici, lokacin da aka daina ƙirga mutane shi ne lokacin da suka fi yawa. Ƙidayar 1952 ta ba Kano da kewayenta mutum wajen 130,000, ta 1963 kuwa kusan 300,000. Sai ga farin 1972 zuwa 1974 ya koro jama'a daga ƙauyuka da kuma Jamhuriyar Nijar, ga kuɗin man fetur ya cika gari da gine-gine masu neman lebura. Ɗakunan da aka gina domin fatake suka koma na haya. Bambancin kuwa babba ne. Falke baƙonka ne, ɗan haya kuwa abokin cinikinka ne, in ya biya kuɗin wata ba ka da hurumin tambayarsa wa ya kwana a ɗakinsa.

Sakamakon wannan mun gan shi a maƙwabtanmu, a 'Yan Awaki, ina ɗan shekara goma sha biyu. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ba baƙo ba ne ga hukumar Kano. A 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, an ɗaure shi a kan wa'azinsa, aka kuma mai da shi ƙasarsu Kamaru. Bayan 'yan shekaru ya dawo. A cikin shekarun 1970 ya tara almajirai dubbai a 'Yan Awaki, yawancinsu samarin ƙauye da ba su da kowa a gari, ya yi ta gine-gine ba izini, yana cinye gidajen maƙwabta da hanyar jama'a. Babu wanda bai sani ba. Mu yara an hana mu bi ta wajen ko da aike. Maƙwabta sun kai kuka, amma wa za a kai wa? Mai unguwa ba shi da ɗan doka, Sarki ba shi da kotu, Gwamna ba shi da 'yan sanda, gwamnatin jiha ta PRP da ta tarayya ta NPN kuma ba sa ga maciji da juna. Sai a ƙarshen Nuwamba na 1980 Gwamna ya rubuta masa takarda ya ba shi mako biyu ya rushe gine-ginen. Ranar 18 ga Disamba aka yi arangama da 'yan sanda a filin Shahuci, wuta ta kama, ba ta mutu ba sai da Shugaba Shehu Shagari ya turo soja a ƙarshen watan. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ce mutum 4,177 suka rasu.

A cikin kwanakin nan an kwashe mu mata da yara zuwa gidan Kawunmu a Gwagwarwa, muna tafe a ƙasa cikin hunturu, kowa da ƙunshi a ka. Abin da ban manta ba shi ne 'yan tauri da muka gamu da su a hanya, sun sha guraye da layu, suna nufar inda muke gudowa, mata suna yi musu addu'a. A ranar su ne jarumawan unguwa. Bayan 'yan shekaru ƙannensu ne suka riƙa tare lungu da wuƙa, 'yan siyasa suna ba su kuɗin ƙwaya. Unguwar da ta rasa mai tsaron da doka ta san da shi, duk wanda ya ɗauki makami domin ta sai ta yi masa godiya, ba ta tambayar ranar da zai ajiye.

Amma in aka ce in faɗi abu guda da ya fi canja Fagge a rayuwata, ba Maitatsine ba ne, ba kuma tarzomar Oktoba ta 1991 ba, ba ma harin 20 ga Janairu na 2012 ba, wanda ya ci rayuka fiye da 180 a Kano ya kuma cika tituna da shingayen bincike. Waɗannan duk sun zo sun wuce. Abin da ya zo bai wuce ba shi ne kasuwa. Kantin Kwari ta cika ta batse, ta zama inda 'yan Nijar da Chadi da Kamaru ke sarin atamfa da shadda. 'Yan canji suka kafu a Wapa. Kowane ɗan kasuwa yana bukatar wurin ajiye dila kusa da shagonsa, kuma zai biya abin da mai iyali ba zai iya biya ba. Sai aka fara da zaure, a fasa bango a sa ƙofar ƙarfe, ya zama shago. Daga nan ɗakunan gaba, daga nan gidan ɗungurungum. Magada su raba kuɗi, wannan ya tafi Rijiyar Zaki, wancan Hotoro, wancan Ɗorayi.

Ga yadda layinmu yake a yau. Da rana ba ka samun wurin sa ƙafa, ga 'yan dako, ga masu kura, ga A Daidaita Sahu, ga ƙarar janareta, jama'ar da ta ninka ta da sau goma, amma da wuya ka sami wanda ya san sunan na kusa da shi. Da an yi sallar magariba sai a ja ƙofofin ƙarfe, kowa ya hau abin hawa ya tafi inda iyalinsa suke. Abin da ya rage sai dogon bango ba taga, da maigadi ɗaya ko biyu waɗanda aka ɗauka domin su tsare dila, ba domin su tsare mai wucewa ba. A nan ne aka tare ɗan Yayata da wuƙa bara waccan aka karɓe wayarsa, taku kaɗan daga ƙofar gida. Ya yi ihu, kuma na tabbata an ji shi. Daga cikin zaure goma sha huɗun nan da na ambata, uku suka rage.

Ruwa ma labarinsa ɗaya ne. Ƙasar wurin tana gangarawa ne zuwa Jakara, kuma da akwai kududdufai da filaye da ke shanye ruwan sama kafin ya isa gidaje. An cike su an yi gini, an kuma ɗora shaguna a kan magudanai. A watan Agusta na 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya na maƙudan kuɗi, sai ga manyan 'yan kasuwa da kansu suna roƙon a rushe abin da aka gina a kan hanyar ruwa. Duba-garin da ya ci kakarmu tara a kan randa ɗaya, ina ma a ce ya ga wannan.

Mutanen da suka rage ba su zauna hannu rungume ba. An kafa kwamitin unguwa, ana karɓar kuɗi gida gida a biya 'yan sintiri, an kuma sa ƙyauren ƙarfe a bakin lungu, ana rufewa da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ranar da na fara ganinsa dariya ta kusa kama ni, na ce yau ga Fagge ta yi Sarkin Ƙofa bayan shekara ɗaruruwa. Yana da amfani, ban musa ba, sata ta ragu. Sai dai ɗan sintirin yakan tambaye ni inda za ni, a ƙofar gidan da aka yanke mini cibiya, kuma ba laifinsa ba ne, shi ma bara ya zo. Na ba kwamitin shawara cewa duk mai sito a layin a wajabta masa ya rubuta sunan maigadinsa da na wanda ya tsaya masa a wurin mai unguwa, kuma duk wanda zai tayar da bene a roƙe shi ya bar ko da hawa ɗaya na mazauna, domin a sami fitila da ido bayan isha'i. Na farkon sun karɓa, an sayi littafi. Na biyun suka ce wa zai gaya wa mai kuɗi yadda zai yi da gininsa.

Cikinmu masu gādo, mutum ɗaya ce har yanzu take kwana a gidan, watau Gwaggonmu, wadda ta haura shekara tamanin. Ita da wani ɗan'uwanmu ne suka ce kada a sayar. Da na je gaishe ta a makon jiya na ce, "Gwaggo, in an sami wuri mai iska a bayan gari, ga famfo ga fili, ba za ki fi jin daɗi ba?" Ta ce, "Ɗan nan, can in na faɗi a tsakar gida wa zai sani?" Na ce ai nan ɗin ma duk an watse. Ta ce a'a, akwai mai shayin bakin layi, kullum in bai ga ta aiko karɓar ruwan zafi ba har rana ta ɗaga, yakan turo yaronsa ya yi sallama. Na tambayi mai shayin daga baya, ashe mutumin Tawa ne, shekararsa shida a Fagge, a ɗaya daga cikin zaurukan nan uku yake kwana. Baffa ya aiko jiya cewa attajirin ya ƙara kuɗi, kuma yana son amsa kafin watan salla ya fita.